Gyaran da Na Yi wa Baba

Jikwoyi, Abuja
30 ga Yuni

Goggo Suwaiba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Kawu Bappayo da yara, da fatan sanyin damina bai matsa muku ba a can kan dutse. Mu nan jikinmu lafiya. Inna tana cikin takaba, abinci sai an matsa mata, amma tana tashi ta yi sallarta. Ya ƙarin haƙurinmu, Goggo? Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa.

Na san an buga waya Gembu an ba da saƙo a kai wa Kawu. To amma ke ba kya jin waya, kuma tunda na yi wayo ban taɓa ganin labarin gidanmu ya iske ki ta bakin wani ba, sai ta takardar Baba. Shi ya sa na ɗauki bironsa. Ki yi haƙuri da rubutun.

Ranar Laraba ashirin da ɗaya ga wata na rubuta takardata ta ƙarshe ta jarrabawar fita sakandare. Washegari na zauna a kan akwatina a ƙofar makaranta ina jiran Baba, sai ga Mista Israel, wanda suke koyarwa a firamare ɗaya. Na tambaye shi ina Baba, ya ce yana hutawa. Ya ɗauki akwatina muka kama hanyar gida.

Goggo, da na shiga ɗaki na tarar da wani tsoho a kwance a kan gadon Baba. Na durƙusa na yi masa gaisuwar baƙo. Wallahi ban gane shi ba. Sai da tsohon ya buɗe baki ya ce, “Sumayyah, wace tambaya kika zaɓa a insha'i?” sannan na san muryar. Na gaya masa. Ya tambaya ko na bar gefen takarda, ko na sake karantawa kafin in miƙa. Duk na amsa masa kamar muna kan tabarma da yamma, ina kallon wuyan hannunsa da agogo ke yawo a ciki. Ranar Asabar da hantsi ya cika, Inna na riƙe da kansa.

An yi jama'a fiye da yadda layinmu zai ɗauka. Mutanen rugar da ke bayan hanyar Karshi, inda yake zuwa koyarwa a gindin bishiya kowace Asabar da Lahadi, a ƙafa suka zo tun kafin a gama wanka. Wani mutum mai gemu, Rilwanu, da ke aiki a wata ma'aikatar tarayya, ya durƙusa a bakin ƙofar Inna ya kasa tashi. Ya ce sau bakwai Baba ya je wurin mahaifinsa kafin a bar shi ya ajiye sanda ya riƙe fensir, kuma a zuwa na bakwai Baba da kansa ya yini yana bin shanun don a ga ba za su ɓace ba. Ni ban taɓa jin wannan labarin ba. Abubuwa da yawa ashe ban ji ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ran sadakar uku na kai wa Mista Israel ruwa. Kin san Hausarsa, kowa namiji ne a bakinsa, shekara tara Baba yana gyara masa bai gyaru ba. Ya ce mini, “Babanka ya yi ƙoƙari. Wata goma sha ɗaya yana faɗa da wannan kansa, bai bar aji ba sai da ƙafa ya ƙi.” Na ce ya maimaita. Ya maimaita, sannan ya dube ni, ya ajiye kofin bai sha ba. Ya ce ashe ban sani ba?

Kansa, Goggo, ciwon daji. Na san wannan kalmar, mun yi ta a aji, na zana ta a littafi har an ba ni maki. Wata goma sha ɗaya. Ashe Juma'ar nan da yake cewa zai shiga gari, asibiti yake zuwa. Ashe hular da ya daina cirewa ko a cikin gida ba don sanyi ba ne. Ni kuma na koma makaranta a watan Afrilu ina gaya wa ƙawayena sanƙarau ne ya taɓa Babana, lokacin zafi ne, allura za a yi masa ya tashi. Haka muka rubuta miki a wasiƙar da ya yi mini shifta na rubuta, kin tuna. Ko sau ɗaya ban tashi na yi masa addu'a ta musamman ba. Takardar lissafi na yi wa.

Na tambayi Inna me ya sa aka ɓoye mini. Ta ce ba yanzu ba, ta juya fuskarta bango. Ke an gaya miki, Goggo? Ko ke ma abin da na sani kika sani? Ranar Juma'a, kwana ɗaya kafin rasuwarsa, sau biyu ya tambaya ko motar Yamusa, direban nan mai kai mana wasiƙu, ta iso Zuba da ayaba. Na ce ban sani ba.

Inna ta ce a ba Yamusa hular Baba ya kawo miki, farar nan da kika ɗinka masa. Ta haɗa da sabulu da sukari. Muna sa ranki kafin sadakar arba'in, uku ga Agusta.

'Yarki,
Sumayyah Ilyasu

*

Nguroje
7 ga Yuli

Sumayyah,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Allah Ya jiƙan yayana Hamma, Ya ba ki haƙuri. Ke kaɗai nake yi wa wannan gaisuwar.

Saƙon rasuwa ya same ni bayan kwana huɗu, Bappayo yana hayin kogi da shanu. Ranar da ya dawo na ɗaure kayana. Da asuba zan hau mota, sai ga Yamusa da wasiƙarki. Na karanta, na kwance kayan.

Kin tambaye ni ko an gaya mini. An gaya mini ƙarya. Wasiƙarku ta Afrilu tana gabana yanzu. An ce mini sanƙarau, alhali sankara ce. Abin da malamin nan ya kira kansa ai sankara ke nan, ita ta ɗauki mahaifiyarmu ina da shekara goma sha huɗu. Da wannan sunan na gani a takarda, da ko mayafi ban tsaya nema ba.

Sanƙarau kuwa babu wanda zai koya mini shi. Shi ya toshe mini kunne ina 'yar shekara tara. Na tashi daga ciwo na ga bakin mutane yana motsi babu komai a ciki. Kowa ya ce shi ke nan, Suwaiba sai tatsar nono. Hamma yana da goma sha biyar, ya dawo hutu, ya zaunar da ni a bayan garke yana zana mini haruffa da tsinke a kan taɓo. Idan na yi daidai ya ɗaga yatsa, idan na yi kuskure ya share da ƙafa. Hutu uku muka yi a haka. Duk maganar da na yi da duniya daga ranar, ta hannunsa ta bi. To na san sanƙarau. Ko ya ɗauke mutum cikin mako guda, ko ya sake shi. Wasiƙarku ta kwana tara a hanya. Na ƙirga na ce, mutumin da ya iya yin shifta, kuma kwana tara babu mugun labari, ai ya haye. Na yi sujada.

Kin san abin da na mayar masa? Wasa na yi masa. Na ce idan kunnensa ya toshe ya tattaro ya dawo dutse, mu zauna mu biyu mu huta da surutun mutane. Na ce zan zo bayan damina idan saniyata ta haihu. Wannan na rubuta wa ɗan'uwana yana mutuwa. Shi ne kalamina na ƙarshe gare shi. Yanzu kuma kin ce yana tambayar motar Yamusa. Na gane, ni yake jira. Ba sai kin faɗa mini sau biyu ba.

Hamma bai taɓa yi mini ƙarya a takarda ba, shekara talatin. Ke kuma 'yarsa ce, shi ya koya miki rubutu, ba kya kuskuren harafi. Abin da aka faɗa miki kika rubuta. To wa ya rage? Mahaifiyarki A'isha tun ranar da aka kawo ta take ganin dutsen nan ya yi nisa, mu kuma mun cika warin nono. Ta so ta yi jinyarsa ita kaɗai, ta yi. Kin tambaye ta ta juya miki baya, me ya fi wannan?

Ki gaya mini wanda ke cikin ɗakin ranar da kika rubuta wasiƙar nan, da wanda ya sa baki. Kada ki ji tsoron kowa.

Hular na karɓa, tawa ce. Sabulu da sukari na ba Yamusa ya mayar wa mai su. Sadakar arba'in a nan zan yi tawa. Ƙafata ba za ta taka gidan da aka rufe mini ƙofa ana dariya da ni ba. Ke idan kina son ganina kin san hanya.

Goggonki,
Suwaiba

*

Nguroje
16 ga Yuli

Sumayyah,

Sallama da gaisuwa, muna lafiya. Yamusa ya je Zuba ya dawo hannu wofi. Ya ce ya aika wasiƙata har Jikwoyi, an tabbatar masa a hannunki aka sa ta. Ya ce ya jira har aka gama sauke kaya ko za ki aiko, shiru.

Na fahimta. An hana ki, ko kuma kina tsoron faɗin abin da kika gani. Ba zan sa ki tsakanina da mahaifiyarki ba. Shirun nan ya ishe ni amsa. Na gaya wa Bappayo daga yau ba mu da gida a Abuja, 'ya kawai muke da ita.

Suwaiba

*

Jikwoyi, Abuja
22 ga Yuli

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Kawu da yara. Muna lafiya. Wasiƙunki biyu duk sun zo. Babu wanda ya hana ni rubutu. Sau shida na fara ina yagawa. Don Allah ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yanke komai.

Babu kowa a ɗakin ranar nan sai ni da Baba. Shi da kansa ya aiki Inna kasuwa bayan la'asar, ya ce ta sayo masa lemon tsami, alhali akwai shi a gida. Yanzu na gane so ya yi a bar mu mu biyu.

Da na buɗe wasiƙarki ta farko na zo inda kika rubuta “sankara”, abin da ya fara zuwa raina shi ne Goggo ta manta ƙugiyar k, ta kuma bar harafin ƙarshe. Har na kai hannu wajen biro. Sai na ga kin jera su biyu a layi ɗaya, wannan daban, wannan daban. Na tashi na ɗauko ƙamus ɗin Baba. Suna nan a shafi ɗaya, 'yan layuka ne tsakaninsu. Goggo, ni ban taɓa sanin akwai wata kalma sankara ba. A nan kowa kansa yake cewa, a rediyo kuma ciwon daji. Na zauna a ƙasa da ƙamus ɗin a cinyata har aka kira magariba, Inna tana ta kirana ina jin ta kamar daga wani gida.

Ga yadda aka yi. Yana kwance, ni ina zaune a bakin gado da littafi a gwiwa. Ya yi gaisuwa na rubuta, ya tambayi shanu na rubuta. Sai ya tsaya, na ɗaga kai. Yana kallona ya ce, a hankali, “Likita ya ce sankara ce, Suwaiba. Idan kin samu hali ki zo.” Sankara ya ce. Yau ina jin ta a kunnena tsaf. Amma muryarsa ta yi ƙasa, numfashinsa yana yankewa, sai na ɗauka gajiya ce ta sa ya kasa fitar da harafin ya kuma haɗiye ƙarshen. Kin san yadda ya rene ni. Tun ina aji ɗaya idan na rubuta “kofa” babu ƙugiya sai ya ce wannan ba za ta buɗu ba, in sake shafin gaba ɗaya. To na sa wa k ƙugiya, na ƙara u. Na gyara wa Baba. Har daɗi na ji.

Ya tambaye ni ko na ji abin da ya ce. Na ce na ji, Allah Ya sauwaƙe, sai me zan rubuta? Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Kin fi ni ƙarfin zuciya, Sumayyah.” Na sunkuyar da kai don kunya, na zaci yabon natsuwata yake yi. Ashe ni yake gaya wa. Bai iya kallon idona ya faɗa ba, shi ya sa ya bi ta wasiƙarki. Da na gama na miƙa masa ya duba kamar kullum, sai ya juya fuskarsa ya ce in ninke, ya yarda da rubutuna. Tunda nake bai taɓa barin takardata ta fita bai duba ba sai ranar.

Kwana goma na yi da wannan a cikina. Ina kallon Inna ranar da aka kawo sabulun nan da sukari. Ta karɓa, ta gode wa wanda ya kawo, ta tura su ƙarƙashin gado, ba ta tambayi komai ba. Ni kuma na sani, na yi shiru. Da wasiƙarki ta biyu ta zo na ga kin ce ba ku da gida a Abuja, na shiga wurinta na karanta mata duka biyun, ban tsallake ko layi ba, sannan na gaya mata abin da na yi.

Ba ta yi mamaki ba, Goggo. Wannan ya fi komai girgiza ni. Ta tashi ta buɗe jakar Baba ta makaranta, ta ciro littafin da yake shirya darasi, ta zaro amsarki ta watan Mayu daga tsakiya. Wuri uku kika rubuta sanƙarau. Duk ukun ya zagaye su da jan biro. A gefe, inda ya saba rubuta gyara, babu komai sai ɗigo ɗaya inda bakin biron ya tsaya.

Inna ta ce ranar da amsarki ta zo ya karanta ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, a wurin nan na ku zauna ku huta da surutun mutane. Ta ce rabonsa da dariya irin wannan tun kafin azumi. Daga nan ya koma farko ya sake karantawa, ya nemi jan biro. Can ya ce mata, “A'isha, yarinyar nan ba ta sani ba.” Har ranar su biyun sun ɗauka na sani, ina daurewa ne.

Ta ce a take ta kawo masa takarda ya sake rubuta miki. Ya riƙe biron ya ajiye. Ya ce idan Suwaiba ta ji sunan nan ba za ta tsaya Jikwoyi ba, makaranta za ta wuce ta fito da ni daga ɗakin jarrabawa, kuma babu maigadin da zai tsayar da ita tunda ba jin sa za ta yi ba. Ya ce a bari sai ashirin da ɗaya ga Yuni, mako shida ne kawai, ranar da na ajiye biro shi zai rubuta miki da hannunsa. Inna ta ce sau uku tana roƙonsa, na ukun da kuka, ta ce masa jikin nan ba ya bin jadawalin makaranta. Ya ce likita ya ba shi har ƙarshen damina. Sannan ya sa ta yi alkawarin ba za ta taɓa gaya mini kuskuren daga hannuna ya fito ba. Wannan alkawarin ta riƙe ranar da ta juya mini baya. Shi ta riƙe da sabulunki ya dawo.

Tambayar motar Yamusa da na rubuta miki, ban faɗe ta don in soke ki ba, ban ma san ma'anarta ba a lokacin. Ba jiran isowarki yake ba, ya san ba ki sani ba. So yake ya aika miki. Ranar Juma'ar ya ce in kawo takarda, kafin in dawo barci ya ɗauke shi, na ce bari ya huta, gobe ma rana ce.

Na sa amsarki a cikin wannan ambulan don ki ga jan biron da idonki.

Ni na raba ki da shi, Goggo. Da na rubuta abin da na ji, da kin zo tun Afrilu, da kin samu wata biyu. Ban san yadda ake neman gafarar irin wannan ba, ba a koya mana ba. Abu ɗaya nake roƙo. Fushin nan nawa ne, ki dawo mini da shi. Inna ba ta ce a rubuta ba, ba ta ce a goge ba, ita ce ma ta yi ta roƙo a kira ki. Idan ba za ki iya ganin fuskata ba, ki zo arba'in ɗin, ni zan koma gidan su Mista Israel har ki tafi. Na riga na tambayi matarsa, ta ce ɗaki yana nan.

Sumayyah

*

Nguroje
28 ga Yuli

Sumayyah,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Saniyar ta haihu shekaranjiya, mace.

A wurin tatsa Yamusa ya same ni. Na karanta a tsaye, ƙwaryar ta kife ban sani ba sai da na ji sanyi a ƙafata. Kwana biyu ban yi wa kowa magana ba, Bappayo har ya fara neman mai magani.

Ba zan rubuta miki cewa ba komai ba. Wanda ya koya mana rubutu ni da ke bai koya mana sa abin da ba haka ba a takarda. Da komai. Wata biyu ba wasa ba ne, kuma ba za su dawo ba.

Amma na ɗauko wasiƙarku ta Afrilu na sake dubawa a rana. Kin san abin da kika rubuta? “Sanƙarau ce.” Ƙugiyar taki ce, u ɗin naki ne, amma “ce” ɗin nan daga bakinsa ta fito, kin bar ta yadda ya faɗa. Sanƙarau namiji ne, Hamma ko cikin magagin zazzaɓi ba zai ce masa “ce” ba. Na gan ta tun a Afrilu. Na tsaya a kanta. Sai na ce a raina, oho, Hausar Abuja ta fara cin yarinyar nan, zan tsokane shi idan mun haɗu. Tana nan wata uku tana kallona. Ke shekararki goma sha bakwai, ba ki san kalmar ba. Ni na san ta, na binne uwata a kanta, na ga alama na wuce saboda labarin da na fi so shi ne ya haye.

Shi kuma Hamma, Allah Ya gafarta masa, ina fushi da shi, ban san ranar da zan daina ba. Ya sa ni a sikeli da jarrabawa, jarrabawa ta rinjaye. Ya ƙirga kwanakinsa kamar zangon karatu. Abin da ya fi ba ni haushi, gaskiya ya faɗa. Da na je makarantar nan, da na fito da ke ko da malamai goma sun tare ƙofa. Na ga jan bironsa. Na ga ɗigon. Na gode da kika aiko, da kika gaya mini ya yi dariya. Wannan kam ban san ina bukatarsa ba sai da na karanta.

Ba za ki koma gidan kowa ba. Wa zai yi mini tafinta idan gida ya cika da mata masu magana da mayafi a baki?

Na ba Yamusa wannan ya riga ni, don kada A'isha ta ɗaga labule ta ga fuskar wadda ta yi mata ƙazafi tana cikin takaba ba tare da an yi mata sallama ba. Ki gaya mata zan taso Litinin ta Jalingo, in kwana a hanya, in Allah Ya yarda Talata da yamma ina tashar Nyanya. Idan ta ce kada in shigo, tana da gaskiya, ki zo tashar ki gaya mini, zan yi addu'ata daga bakin layi in juya. Ba zan nemi gafararta a nan ba. Takarda ta yi mana abin da za ta yi. Da bakina na ce wa Bappayo abin da na ce a kanta, da bakina zan durƙusa in janye.

Ke kuma ga aikinki. Kalmar nan a rubuce kawai na san ta, kunnena ya toshe kafin in taɓa jin ta, kuma lokacin Innarmu kowa kauda kai yake idan zai faɗa. Idan na huta za ki zauna a gabana ta wajen haske, inda zan ga bakinki, ki faɗe ta yadda ya faɗa. Sannan ki ba ni labarin kwana ukun nan tun daga bakin ƙofa, da abin da ya ci, da abin da ya ce, da yadda ya kwanta. Kada ki gyara komai.

Goggonki,
Suwaiba